Neman gilashin da zai taimaki 18-55: abin da nake rubutawa mako-mako

4 ga Janairu

Kyamarata Nikon D5600 ce. Gilashin da ke bakinta shi ne wanda ta zo da shi a kwali, AF-P 18-55mm f/3.5-5.6 mai VR, wato tsarin rage rawar hannu. Da rana a waje ba ni da ƙorafi a kansa. Inda muke saɓawa wuri biyu ne. In dare ya yi yara na wasa a falo, yawancin hotunan dishi-dishi suke fitowa. Sannan duk abin da ya yi nisa, tsuntsu ne ko ɗan ƙwallo a tsakiyar fili, sai ya zama ɗigo a cikin hoto.

Dalilin matsala ta farko a rubuce yake a jikin gilashin. Lambar f girman ƙofar haske take nunawa, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Wannan f/3.5 a 18mm kaɗai ake samunsa. Da ka fara jawo zum, ƙofar haske sai ta riƙa tsukewa har ta kai f/5.6 a 55mm. Da hasken ƙwan lantarki ɗaya, dole kyamara ta sauke saurin shota, wato lokacin da take buɗewa haske ya shiga, zuwa 1/30 na sakan ko ƙasa da haka, ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa 6400. VR na maganin rawar hannuna, amma ba ya hana yaro juya kai. Sai ka ga kujera da labule sun fito tsaf, fuskar da ake nema kuwa ta goge.

Na ware wasu kuɗi domin wannan aiki, na kasa su uku. Ba zan taɓa ko kashi ɗaya ba sai na san takamaimai abin da ya gagari gilashin da nake da shi.

7 ga Janairu

Kowane hoto na ɗauke da bayanansa a ɓoye: tsawon zum, ƙofar haske, saurin shota, ISO. Yau na sa manhajar kwamfuta ta jera mini hotunan bara gaba ɗaya bisa tsawon zum. Sun taru wuri uku. Tuli guda a 18mm, tuli mafi girma a 55mm, sai wani tsibi a tsakanin 30 da 38.

Ban yarda da tulin bakin nan biyu kai tsaye ba, domin nan ne zum ke tsayawa. Mutum na murɗawa ne har ya ji ya ƙi gaba, saboda haka 55 ba lallai ne yana nufin ina son 55 ba. Da na bi su ɗaya-ɗaya sai na ga mafi yawansu na yanke su daga baya, wasu ma na yar da fiye da rabin hoton. Wato abin da nake nema yana can gaba, wajen 150 ko 200. Na 18mm kuma galibi ɗakuna ne inda bango ya hana ni ja da baya.

Tsibin tsakiyar shi ne abin lura. Babu abin da ya tilasta wa hannuna tsayawa a nan, kaina ne ya zaɓa. Kuma a cikinsa ne hotunan dare da suka lalace suka fi yawa.

11 ga Janairu

Na naɗe zoben zum da salatef a kan 35mm. Haka zai zauna har mako ya zagayo, in ina son kusa in taka, in ina son faɗi in ja baya. Mako mai zuwa zan mayar da shi 50mm. Gwaji ne da ba ya cin ko sisi.

14 ga Janairu

35 bai takura ni ba. Mutum uku a kan doguwar kujera suna shiga ba tare da na manne da bango ba.

19 ga Janairu

Na gaji da 50mm tun kafin makon ya ƙare. A falo fuska ɗaya da kafaɗu kawai yake ɗauka. Don in haɗa yara biyu suna wasa a ƙasa sai da na fita na tsaya a bakin ƙofa.

Duk wanda na tambaya a baya, amsarsa ɗaya ce: sayi 50mm f/1.8, shi ne gilashin farko na kowa. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai ta zamanin fim ce, lokacin da girman hoton ke milimita 36 da 24. Sensar kyamarata milimita 23.5 ce da 15.6, tsakiyar abin da gilashi ya kawo kawai take kamawa. Shi ya sa ake ninka lambar da 1.5 don a san faɗin da za a gani. A wurina 50mm na ba da faɗin da 75mm ke bayarwa a babbar sensa, 35mm kuma ya zama kusan 52. Masu ƙananan kyamarorin Canon da 1.6 suke ninkawa, nasu 50 ɗin ya koma 80. Ashe wanda ke son abin da masu fim ke yabawa a 50, in sensarsa ƙarama ce, 35 zai nema.

Lambar da ke jikin gilashi ba ta canzawa, ko an rubuta DX, alamar Nikon ta gilashin ƙaramar sensa, ko ba a rubuta ba. 35mm dai 35mm ne. Na ga mutane da yawa suna rikicewa a nan, suna zaton gilashin DX an riga an yi masa lissafin.

22 ga Janairu

Na kai wa Baba labarin. Dattijo ne da ya yi aikin hoto tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, shi ne kuma ya fara koya mini riƙe kyamara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe akwatinsa ya miƙo mini tsohon 50mm f/1.8D.

"Ungo, ɗana. Kafin ka zubar da kuɗi, je ka ga yadda f/1.8 yake da idonka."

Gilashin ya hau kyamara lafiya lau, domin bakin F na Nikon tun 1959 ake amfani da shi. Da farko kyamarar ta ƙi ɗauka, sai da na murɗa zoben ƙofar haske zuwa f/22 na kulle shi a nan. Da wannan ya wuce sai na taɓa maɓalli, shiru, babu fokas. Irin waɗannan gilasai masu harafin D ba su da injin fokas a cikinsu. Akwai wani ɗan sukurun ƙarfe a bakin kyamara da ke juya su, kuma jerin D3000 da D5000 duk ba a sa musu wannan injin ba. Sai D7000 zuwa sama. A tawa, cikin gilasan Nikon, irin wanda aka rubuta wa AF-S ko AF-P ne ke yin fokas da kansa. AF-P ɗin ma yana da nasa sharaɗin, ba ya aiki a tsofaffi irin D90 da D5100 da D3200. Masu Canon sun huta da wannan, tun da suka fito da bakin EF a 1987 kowane gilashi da injinsa yake zuwa. Tasu damuwar ita ce EF-S ba ya hawa kyamara mai babbar sensa.

Na yi fokas da hannu, ina kallon ɗigon kore da ke nuna fokas ya dace a tagar leƙe. Wahala ce ba ƙarama ba in abin ɗauka na motsi. A 50mm da f/1.8, in mutum na nesa da mita 2, abin da ke fitowa ras daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 12 ba. Yaro ya ɗan sunkuya, ya fita daga ciki.

Amma 'yan kaɗan ɗin da suka dace sun nuna mini abin da Baba ke nufi. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 haske ya kusa ninki goma. A falon nan da nake samun 1/30 a ISO 6400, yanzu ina samun 1/125 a ISO da bai kai 3200 ba. Hannun yaro ya tsaya cak, gashin ido ana ƙirgawa.

26 ga Janairu

Gilasai uku ne suka rage a takardata.

Akwai zum 17-50mm f/2.8 da kamfanonin Sigma da Tamron suka yi. Yana maye gurbin 18-55 gaba ɗaya, ƙofarsa ba ta tsukewa duk inda ka kai zum. Abin sha'awa ne, amma f/1.8 ya fi f/2.8 shigar da haske sau biyu da kusan rabi, ni kuwa hasken nake bi.

Akwai Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013, zum ne kuma f/1.8 daga farko har ƙarshe. A takarda shi ne amsar duk abin da na rubuta a ranar 7. Na ɗaga shi a hannu, nauyinsa giram 810, kyamarata da batirinta ba ta kai giram 500 ba. Na san halina. Abin da ya yi nauyi a jaka yake kwana, kuma zai cinye kashi biyu cikin ukun da na ware.

Sai AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009, giram 200, yana yin fokas daga santimita 30. Ba shi da zum, ba shi da VR. Gwajin salatef ya riga ya nuna rashin zum ba zai dame ni ba, VR kuma ba shi ne ciwona ba.

Wani abokina ya nace in ƙara kuɗi in ɗauki 35mm na babbar sensa, wai ko watarana zan canza kyamara. Ban ga hikimar biyan kuɗi yau saboda kyamarar da ban ma sa ranar sayenta ba. In ranar ta zo, gilashi ba ya rasa mai saye.

29 ga Janairu

Na sayi 35mm ɗin, sabo, da damar mayarwa in akwai matsala. Bai cinye kashin farko duka ba. Ya zo da hularsa mai tare hasken gefe.

2 ga Fabrairu

Murna ta koma ciki jiya da daddare. A ƙaramin allon kyamara hotunan sun yi kyau, da na buɗe su a kwamfuta sai na ga a da yawa kunne ne ko wuyan riga ya fito ras, ido kuwa ya yi laushi. Abin da ya fara zo mini shi ne gilashin na kai fokas bayan inda aka nuna masa. In haka ne akwai damuwa, domin D5600 ba ta da wurin da ake gyara wannan a cikin menu kamar manyan yayyenta. Mafita ɗaya ce, a mayar.

Da safe na shirya gwaji. Na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, na tsayar da kwali mai rubutu a kan tebur, na jingina rula a gefensa a karkace yadda lamba 15 ta yi daidai da fuskar kwalin. Na sa kyamara ta jira sakan biyu kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta. Na ɗauka ta tagar leƙe, na sake ɗauka ta allo. Bambancin yana da muhimmanci. In ana leƙawa, madubi ne ke tura haske zuwa wata 'yar na'ura a ƙasan kyamara, ita ke auna fokas, kuma tana iya kaucewa kaɗan. In ta allo ne, sensar da kanta ke dubawa, ba ta da inda za ta kauce. In hotunan biyu suka saɓa, to akwai matsala.

Ba su saɓa ba. Lamba 15 ce ta fi fita a duka biyun.

To daga ina? Na koma kan hotunan jiya na duba inda ɗigon fokas ya sauka. Kyamarar na kan tsarin da take zaɓar ɗigo da kanta cikin 39 ɗin da take da su, tana kama duk abin da ya fi kusa ko ya fi zane, kamar wuyan riga mai ratsi. A f/5.6 da 18-55 wannan bai taɓa fitowa fili ba, saboda zurfin abin da ke fita ras yana rufe kuskuren. A f/1.8 babu abin rufewa. Na mayar da ita ɗigo ɗaya da nake matsarwa da babban yatsa, na sa AF-C don ta riƙa bin motsi. Cikin ɗigon 39, guda 9 na tsakiya ne masu auna layin tsaye da na kwance, su suka fi kamawa a duhu, a kansu nake zama in haske ya yi ƙasa.

Tunda kayan gwaji na kafe, na manna jarida a bango na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. A f/1.8 tsakiya ta yi kyau, kusurwoyi sun ɗan yi laushi da duhu. A f/2.8 ya gyaru sosai. Daga f/4 zuwa f/8 ba abin cewa. A f/16 sai laushi ya dawo ko'ina, wannan kuma halin haske ne in ya bi ta ƙaramin rami, ba laifin gilashi ba. Kusurwoyi huɗun laushinsu ɗaya ne, alamar babu gilashin ciki da ya goce daga mazauninsa. Zai zauna.

5 ga Fabrairu

Hoton mutane layi biyu a f/1.8: na gaba sun fito, na baya sun narke. A f/4 kowa ya fito. Yanzu a ɗaki f/2.2 nake zama in mutum ɗaya ne.

8 ga Fabrairu

Na sa wata filtar kariya mai araha a bakin 35 ɗin. Da dare duk fitilar da ta shiga hoto sai ta haifi 'yar'uwarta kore a ɗaya gefen. Na cire filtar, koren ya ɓace. Hula kaɗai zan bar masa.

12 ga Fabrairu

Na koma kan matsala ta biyu, ta nesa. Na samu wani 70-300mm na hannu, na wani kamfani daban, a kusan rabin kuɗin sabo. Hotunan da mai shi ya turo sun nuna jiki fes, babu ko ƙwarzane. Mun yi da shi cewa in na duba ban gamsu ba zan mayar. Ya sa a hanya.

16 ga Fabrairu

Ya iso, kuma ya koma.

Daga waje babu abin kushewa. Zoben zum na tafiya sumul, ƙarfen baya bai ci ba, 'yan ƙusoshin lantarki masu ruwan zinare suna sheƙi. Na kifa shi ƙasa in ga ko zum zai zame da kansa, bai zame ba. Na taɓa ɗan hannun ƙofar haske na baya, ganyayyakin suka buɗe suka rufe da sauri, babu maiƙo a jikinsu. Har na fara jin na yi sa'a.

Sai na kashe fitilar ɗaki, na cire murfi biyu, na haska tocilar waya ta baya ina leƙawa ta gaba, ina ɗan karkata shi. Ƙura na nan 'yar kaɗan, wannan ba komai ba ne, kowane zum na shaƙar iska kuma ƙura ba ta fitowa a hoto. Amma a can ciki, a gefen gilashi na biyu ko na uku, akwai wasu fararen zare-zare da suka fito daga baki suna rassa zuwa tsakiya kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce. Tana tsirowa in gilashi ya daɗe a wuri mai laima da duhu, jaka a rufe cikin kabad misali. Tana cin abin da aka shafa wa fuskar gilashin, in ta daɗe kuma ko an buɗe an goge, tabonta na nan.

Na gwada shi duk da haka. In rana na bayana hoton ba laifi. Da na fuskanci taga sai wani farin hazo ya rufe komai, baƙi ya koma toka-toka.

Na kira mai shi. Ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba ya hana ɗaukar hoto." Na ce gaskiya ne yau ba ya hanawa, amma abu ne mai rai, gaba yake ci. Buɗe zum a wanke a mayar da shi daidai aikin gwani ne, kuɗinsa na iya cinye rangwamen da ya sa na ɗauka tun farko. Mun ɗan ja, daga baya ya karɓa. Asarata kuɗin aikowa da na mayarwa. Ban ce ya ɓoye mini da gangan ba, ba kowa ke haska tocila cikin kayansa ba.

18 ga Fabrairu

Na sayi roba mai murfin da ba ya shigar da iska, da ƙunshin silika masu shanye laima, da ɗan agogon auna laima. Ana so ya zauna tsakanin 40 da 50 cikin ɗari. In ya haura 60 ya daɗe a haka, nan fumfuna ke samun wuri. Na haska gilasaina biyu da na Baba, duk lafiya.

23 ga Fabrairu

Na ɗauki AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3G, sabo. Sai da na karanta kwalin da kyau, domin iri biyu ne suka fito tare a 2016, sunansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, ɗaya da VR ɗaya babu. Marar VR ya fi sauƙin kuɗi, shi ne kuma ake yawan haɗawa da kyamara a kwali ɗaya. A 35mm na yafe VR ba tare da tunani ba, a 300mm ba zan yafe ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. 300 sau 1.5 ya ba da 450, wato 1/500 ke nan in hannu ne kawai ke riƙe. Ko fokas ma ya fi sauƙi in hoton da ke tagar leƙe ya daina rawa.

Babu maɓallin VR a jikinsa, daga menu ake kunnawa da kashewa. Nauyinsa giram 415.

Na duba 70-200mm f/2.8 don dai in ce na duba. Kusan kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya ninka duk abin da na ware. Su 18-300 masu yin komai kuwa, sauƙinsu shi ne ba ka canza gilashi, amma a ƙarshen zum suna nan a f/5.6 ko f/6.3 ɗin dai, a 35mm kuma ba su fi wanda nake gudu haske ba.

Kashi na biyu ya tafi, har ya ɗan taɓa ragowar na farko.

1 ga Maris

Wasan ƙwallon ɗan yayana, da yamma. Na tsaya a gefen fili wajen tsakiya. Na sa shota 1/1000, ƙofa a buɗe iyakarta, na bar ISO ya yi ta kansa.

Rabin farko komai ya tafi daidai. Fokas ɗinsa na da sauri kuma ba ya ƙara. Tsakanin 135 da 200mm na fi zama, daidai da abin da yanke-yanken hotunan bara suka nuna. A 300 ɗan wasa na cika hoto, amma ƙwallo na yawan fita, bin su kuma sai an saba.

Bayan hutun rabin lokaci rana ta yi ƙasa, inuwa ta rufe fili. ISO ya hau 3200, ya hau 6400, fuskoki suka fara yin yashi-yashi. Na sauko 1/500, ƙafafu suka fara gogewa. Nan ne f/6.3 ya nuna iyakarsa, kuma VR ba shi da abin yi a kai, matsalar falo ce ta dawo a fili. Mai f/2.8 zai samu haske ninki biyar a wannan lokaci. Na sani tun kafin in saya, gani ne dai ya kori ji. Dabarar da ta rage ita ce in kwashe abin da nake so tun da sauran rana, daga baya in koma ɗaukar masu tsaye, mai tsaron gida da 'yan benci, inda 1/250 ke isa.

4 ga Maris

Tsuntsaye da safe. Kurciya a kan waya ta fito da kyau. Ƙanana kuwa ko a 300mm sai an yanke. A f/8 ya fi kaifi a ƙarshen zum.

9 ga Maris

Na mayar wa Baba 50mm ɗinsa, na nuna masa hotuna a allo. Ya tsaya a kan wata fuska da na ɗauka da 35 daga kusa sosai.

"Wannan hancin ba nata ba ne. Ka matsa mata da yawa."

Na ce shi ya sa nake tunanin kashe kashi na uku a kan 85mm f/1.8, tunda kowa na cewa shi ne gilashin fuska. Ya girgiza kai. Ya ce ba gilashi ke kumbura hanci ba, tazara ce. In ka tsaya rabin mita daga mutum, hancinsa ya fi kunnensa kusa da kai nesa ba kusa ba, dole ya fi girma. Ka ja baya mita biyu ko uku, bambancin ya zama kaɗan, fuska ta koma yadda ido ya san ta. Dogon gilashi abin da yake yi kawai shi ne ya cika hoton daga can inda ka tsaya.

Ya sa na ɗaura 70-300, muka fita waje. Ya tsaya, bishiyoyi na can nesa a bayansa, ya ce in sa 100mm in ja baya har kafaɗunsa su shiga. Ƙofar na wajen f/5 ne kawai, amma bayan ya narke sarai, saboda tazarar da ke tsakaninsa da bishiyoyin ta ninka wadda ke tsakanina da shi sau da yawa. Ya matsa ya jingina da bango, na sake ɗauka, kowane tsagin bangon ya fito.

"To ka gani. Mutumin za ka matsar, ba aljihunka ba."

85mm a sensata kusan 128 ne. A falon da 50 ya kore ni bakin ƙofa, ban san inda zan tsaya da shi ba. Na cire shi daga takarda a yanzu.

12 ga Maris

Bakin gilasan uku girmansu daban: 52mm, 55mm, 58mm. Na sayi filtar rage ƙyalli guda ɗaya mai 58 da zobba biyu na ƙari, maimakon filta uku.

16 ga Maris

Saura tulin 18mm. Akwai AF-P DX 10-20mm na 2017, mara nauyi, giram 230, kuma kuɗin da suka rage za su kusa isa. Na sake bin hotunan 18mm na bara da tambaya ɗaya: a nawa ne wani abu mai muhimmanci ya rage a waje? Kaɗan ne, kuma yawancinsu gine-gine ne da fili, abubuwan da ba sa motsi. Jiya na gwada ɗaukar gini a hoto uku a tsaye, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, manhaja ta ɗinke su ba a ganin sawu. Ga mutane a ɗaki kuwa 10mm ba alheri ba ne, duk wanda ya faɗo gefe sai ya miƙe ya yi faɗi.

Akwai kuma abin da ke sa ni jan ƙafa. Tun 2018 da Nikon ta fito da bakin Z, Canon ta fito da RF, sababbin gilasai can suka koma, wajen kyamarori marasa madubi. Wannan na da fuska biyu. Gilasan F na hannu suna ta yawaita a hannun masu sayarwa, mai haƙuri da tocila zai samu rabonsa. Sannan AF-S da AF-P duk suna yin fokas a kyamarar Z ta hanyar mahaɗin FTZ, masu harafin D ne ba sa yi. Biyun da na saya ke nan ba za su zama kayan ajiya ba ko na canza.

Kashi na uku zai zauna inda yake. Yanzu 35 ne ke kwana a bakin kyamara, 70-300 na jaka, 18-55 na fita in za a yi tafiyar rana. A ƙarshen Yuni zan sake jera hotuna bisa tsawon zum, in ware waɗanda suka lalace in ga a ina suka taru. In a 18mm ne, 10-20 zai shigo. In a ɗaki ne har yanzu, filas mai juya kai da ake harba wa silin zan nema, Baba ya ce zai ara mini nasa in fara gwadawa mako mai zuwa.